Hannun Baba da Hannun Inji

Hsinchu, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Pei-shan,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da 'yan tagwaye, kuma aikin asibiti bai cinye ki ba a can Brisbane. Mama ta je ta kunna turare ta roƙa muku lafiya da tsawon rai. Gwiwarta da sauƙi, bakinta kuwa ƙalau yake. Iskar watan tara na kalandar gargajiya ta taso, an shanya kanya a Xinpu, Inna Hsiu-chin ta aiko mana da kwando guda. Na zaɓi in rubuto miki ne saboda kin san halina a waya: kafin in kai ga magana na riga na yi faɗa.

Maganar Baba ce. Kin tuna injin masana'antarsu da yake kwatanta mana da kwanuka a kan tebur: hannun ƙarfe ɗaya a tsakiya, ɗakuna shida kewaye da shi, yana ɗaukar faifan da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi daga wannan ƙofa ya kai waccan, kowanne da lokacinsa, kamar uwa mai tukwane shida a wuta. Duk sanda aka kwance injin aka gyara, sai an sake koya wa hannun inda zai tsaya. Mutum biyu ke yi. Ɗaya ya riƙe akwatin maɓallai yana matsar da shi kaurin gashi, ɗaya ya manna ido a gilashi yana faɗin dama ko hagu. Shekara ashirin da shida Baba ne mai riƙe akwatin, ni kuma shekara uku ke nan nake yi masa ido.

Watan jiya, bayan gyaran inji na bakwai, hannun ya goge gefen faifai ashirin da biyar, duk suka lalace. A taron safe Injiniya Lo, yaron nan mai digiri biyu, ya ce daga koyarwar ne. Yaya, ban san sanda na miƙe ba. Na ce masa sabon jadawalinsa ne, shi da ya yanke daƙiƙa biyu don a yabe shi a sama, ya mai da hannun kamar ɗan babur mai kai abinci. Na ce wanda bai taɓa riƙe sukudireba ba ya wanke baki kafin ya ambaci mahaifina. Baba dai yana zaune, hannunsa a aljihu, ko kallona bai yi ba. Aka ce in kawo hujja a rubuce ran Juma'a.

Kwana uku ban ci abincin rana ba, ina bin bayanan da injin ke ajiyewa layi-layi. Ba a banza na koya wa kaina karanta littattafan injunan da ƙamus ba, niyyata in tsinka yaron nan a gaban kowa. Sai na tarar jadawalin ba shi da laifi ko kaɗan. Abin da na gani shi ne duk inda ya kamata a danna maɓalli sau ɗaya, an danna sau biyu, an koma baya, an sake wucewa. Ni da idona a gilashi ban lura ba. Da yamma na zauna ina kallon Baba yana cin abinci, sai na ga ashe ya daina amfani da tsinkayen cin abinci, da cokali yake ci, miyar tana rawa kafin ta kai baki. Mama ta ce tun bazara ta san hannunsa ya fara rawa, shi ya hana ta faɗa. Wata takwas suka rage masa ya yi ritaya, kuma in aka gane, cire shi za a yi daga wajen injuna, ya ƙare kwanakinsa yana raba rigunan aiki.

Na sami Baba a shagon taliyar Tsoho Peng na gaya masa abin da na gani. Na ce zan iya rubuta cewa ban gano komai ba. Ya ajiye kofin shayi ya ce wai ni ɗin da na cika masana'anta da ihu kan gaskiya, yau ita ce ta yi mini nauyi? Ya ce in rubuta abin da inji ya faɗa, kuma kafin nan in je in ba yaron mutane haƙuri, tunda bakin da ya yi ɓarna shi ke gyara. Na je. Ba zan ɓoye miki ba, gara in haɗiye ƙusa. Lo ya karanta takardar har ƙarshe, ya ce doka ta ce mutum biyu, ba ta ce wa zai riƙe akwati ba, kuma duk ginin babu idon da ya kai na Malam Fan, wato Baba. Na yi masa godiya na fito.

Jiya muka koya wa hannun inji na bakwai. Baba ya miƙo mini akwatin da hannu biyu, ya durƙusa a gilashi. Awa huɗu yana zagina: wai jaki, gashi ɗaya ya ce ba igiya ba, wai yatsuna kamar na mahauci. Faifai ɗari suka wuce ba ƙwarzane. Da muka fito yana cire safar hannu ta ƙi fita, na cire masa, kuma bai hana ni ba.

Ga roƙona. An ba shi ranar ganin likita, sha huɗu ga wata, ya ce ba inda za shi. Ni ba ya jin maganata, ke kuwa ko kin ce ya shiga rijiya zai tambayi wacce. Ki kira shi ran Lahadi. Kada ki yi kuka, ki yi masa faɗa irin na Mama, shi ya fi ganewa.

Ki gaida maigidanki Yaya Chih-yuan, ki shafa mini kan 'yan tagwaye Yu-ting da Yu-an. Mama da Inna Hsiu-chin suna gaishe ku. Baba bai san na rubuto ba.

Ƙaninki mai baki,
Wen-liang