Katin da Muka Ɗauka na Ɗan Ƙasa Ne

Wulari, Maiduguri.

Zuwa ga ƙanena Dzarma,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, kana kuma jure sanyin Jamus. Allah ya tsare ka a shigarka da fitarka. Mu nan da godiya, sai ƙafar Mama da ke ta kumbura. Likita ya hana ta gishiri, ita kuwa ta ce miya ba gishiri ai horo ce. Ƙanwarmu Phebe ta sauka lafiya, an samu namiji. Rubutu na zaɓa maimakon waya, don in na kira ka Mama tana gefena, kunnenta kuwa ka san shi.

Katin nan da ka turo hotonsa shi ya hana ni sukuni. Laifina ne, na amsa. Ina ganin fuskarka da tambarin gwamnatinsu sai na ce wa Mama ka zama ɗan ƙasa. Ranar Lahadi ta miƙe a gaban ikilisiya ta ba da shaida cewa bayan shekara tara ɗanta zai yi Kirsimeti a gida. Zumuntar mata har sun zaɓi atamfar anko, suna koyon waƙar da za su tarbe ka da ita a filin jirgi. Kai kuma da aka faɗa maka sai ka yi dariya ka ce sai yadda Allah ya yi. Me ya hana ka tsayar da mu tun a nan?

Khairunnisa, 'yar maƙwabcinmu Alhaji Hamisu da ta zama lauya, ita ta duba hoton a wayata. Ta ce wannan izinin zama ne na wanda aka ba mafaka, ba shaidar ɗan ƙasa ba. Za ka yi aiki, za ka je asibiti, amma ba ka da ƙuri'a, kuma takardar tafiyarka ba ta shiga Najeriya. In ka tako gida suna iya cewa ashe abin da ya kore ka ya wuce, su karɓe abinsu. Rashin sani ya fi dare duhu. Na ji kunya, na kuma ji haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Sati biyu ina shiga aji ina koyarwa ban san abin da bakina ke faɗa ba.

Shekaranjiya na daure na gaya wa Mama. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta aika a tambayo ko takardar tana shiga Chadi, Khairunnisa ta ce mai yiwuwa ne in ka samu biza. Mama ta ce to ai Njamena ba lahira ba ce. Na tuna mata haɗarin hanyar Gamboru da ake bi zuwa Chadi, na tuna mata ƙafarta, ta ce da ƙafar nan ta gudo daga Gwoza ta kan duwatsu, ba wanda ya tambaye ta ko tana ciwo. Jiya ta tasa mijina Yoila a gaba sai da ya kai ta aka ɗauke ta hoton fasfo, matar da ba ta taɓa wuce Jos ba.

Ni yanzu gaba kura, baya sayaki. In na bar ta, hanyar tana ba ni tsoro. In na hana ta, ban san ko ranta zai kai lokacin da za su ba ka shaidar ɗan ƙasar ba. Kada tausayi ya ja ka ka shigo nan, ka zubar da wahalar shekara tara. Amma ka je wurin lauyanka cikin satin nan ka tambayi maganar Njamena, ka ba ni amsa guda, ko e ko a'a. Riƙe ta ya fara fin ƙarfina.

Ka gaida Kawu Thomas da Inna Dorothy in kun haɗu a coci. Yoila da Phebe da yara suna gaishe ka, har Alhaji Hamisu. Na tambayi Mama saƙonta, ta ce kada in rubuta gaisuwarta, da bakinta za ta kai maka.

Ni ce yayarka,
Rhoda