Ba Zan Dangwala Ba

Litinin, 3 ga Safar
Wai majalisar jiha ta yi doka, an ware kuɗi, kowane ɗan firamare zai samu littafin karatu kyauta. Kyauta! Kifi ma kyauta yake ganin tana a bakin ƙugiya.

Laraba, 5 ga Safar
Hedimasta Jiya ya same ni bakin kogi da takarda da tawadarsa. Sai mai riƙon yaro ya dangwala yatsa kafin a ba da littafin. Na ce, "Jiya, haka ubanka ya zo mini. Na dangwala, fadamar shinkafata ta zama filin makarantarku."
"Ndako, wannan na littafi ne kawai."
Wancan ma na taki ne kawai, in ji uban.

Asabar, 8 ga Safar
Abokina Kolo ya dangwala wa jikokinsa. Yana toshe kwalekwalensa yana mini tsiya: "Me ya rage maka da za su ƙwace? Haƙoran nan biyu?" Uku ne. Maƙaryaci.

Alhamis, 13 ga Safar
Nnagi, marainiyar da ɗana ya bar mini, ita kaɗai ce ba littafi a ajinsu. A bakin Kolo na ji. Ta ajiye mini tuwo da miyar wake, na ce, "Amarya, yau ba a zagin ango?" Ta ce, "Ci, Ndako." Shi ke nan. Jiya ne ya kitsa mata, na sani.

Lahadi, 16 ga Safar
Zaren gyaran komata ta kamun kifi ya ragu. Na zargi Kolo. Ashe Nnagi ce. Takardun ƙunshin ƙuli-ƙuli take tsinta a kasuwa, ta danne su ƙarƙashin tabarma, ta ɗinke gefe guda. Duk sun sha mai, wata rabinta ya yage. Na iske ta bayan rumbu tana bin su da yatsa, baki na motsi. Ƙullin zaren irin nawa ne.
Ko tari ban yi ba, na juya.

Litinin, 17 ga Safar
Na bi ta makaranta, don dai in ga ko mangwaron da na dasa yana nan. Na sa Jiya ya karanta takardar da ƙarfi a gaban yara, in ya yi ƙarya su kama shi. Sannan na miƙa yatsa.
"Ndako, na hagu?"
"Na daman ai kun riga kun cinye."
Littafin shuɗi ne, ban yarda da shi ba. Gobe za ta karanta mini, in ji abin da suka ɓoye ciki. Da ta kawo tuwo ta ce, "Ga shi, ango mai haƙori biyu."
Uku ne. Na ƙyale ta.