Tsumma Cikin Wufa

Laraba da dare, Goronyo.

Kwanan nan wufar kiɗan da na sayo bayan cirar albasa ta daina gurnani. Da can in na kunna, har ƙirjina nika jin bugun ganga, yanzu kuwa sai ƙara kamar gwangwani. Sani mai gyara na zarga, don shi kaɗai ya taɓa buɗe ta. Yau na kai ta rumfarshi, na ce mishi ina zaton ya musanya sifikar ciki.

"Haba Malam Bello, mi zan yi da kayanka?" in ji shi. Ya tura hannu cikin ramin da iska ke fita, ya jawo tsumma a dunƙule. Yankin tsohon zanen Inna ne, kuma ɗakinta ke manne da namu.

Na ba Sani haƙuri. Na tambayi matata Hadiza ko Inna ta shigo ɗaki, ta ce ba ta sani ba, tana murmushi. Su biyu sunka haɗa baki, ba ni shakka.

Bayan magariba Inna ta ce, "Bello, kwana biyun ga ina samun barci."

Na ce, "Madalla, Inna." Ga wufa ta gyaru, amma na kasa kunna ta.