Filin da Muka Baje a Bakin Daji

Yaya Isuhu,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Da kana raye ma ni za ka miƙo wa in karanta maka, ka ce ka manta tabarau, kai da ba ka taɓa mallakar tabarau ba. Amma ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana sai kai.

Gida lafiya, irin lafiyar da ake samu yanzu. Mutanen Kuyello sun fara leƙa gonakinsu. Hadizarka ta shiga aji uku. Baba ya tsufa ƙwarai, sai an riƙe masa hannu.

Sansanin nan na bakin daji da ka yi shekaru kana gadi, inda baƙi ke kafa tanti, mu shida muka karɓe shi. Tun ranar da 'yan bindiga suka harbe ka a can, ba wanda ya sake taka wurin. Rufin ɗakuna ya rufta, ciyawa ta fi mutum tsayi. Muka ce a gyara shi ya zama wurin biki da walima, tunda gari ya cika da 'yan gudun hijira, ko filin shimfiɗa tabarma babu. Mun yashe rijiya, mun kafa rumfuna.

Yaya, ka san yadda muka binne ka? Mu huɗu ne, cikin sauri, muna jiyo ƙarar baburansu. Ba halin kawo ka gari. Na kifa rabin tulu wajen kanka don in gane wurin.

Ranar da katafila ta zo baje fili, ina kasuwa sayen kwano. Ban gaya wa direban ba. Na ɗauka duk wanda ya ga fasasshen tulu a kan tudun ƙasa ya san mutum ne a kwance. Shi baƙo ne, shara ya gani. Da na dawo, fili ya zama kamar faifai. Mutum biyu cikin waɗanda muka binne ka sun rasu, na ukun ya nuna gabas, ni ina ganin yamma. Ta yaya mutum zai ɓatar da ɗan'uwansa sau biyu?

Da Baba ya ji hanya ta yi sauƙi, ya ce a kai shi ya yi maka addu'a. Na rasa bakin gaya masa. Na je da shebur na tara ƙasa a gindin ɗorawa, inda zuciyata ta fi kwanciya. Jiya na kai shi. Ya durƙusa, ya shafa ƙasar da tafin hannunsa, ya daɗe yana kuka. Sannan ya sa min albarka saboda na kula da kai.

Ranar Asabar za a yi bikin farko. Za a jera kujeru, a yi kiɗa, a taka rawa. Ban sani ba ko a kanka ne.

Ka yafe min, Yaya. Allah Ya haskaka makwancinka, Shi da Ya san inda yake.

Ƙaninka,
Habu