Na Kwance Goyon Jumai

Fammar, Kibiya.

Zuwa ga ƙanena Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, an gama yankan dawa.

Maganar 'yarka Jumai ce ta sa na rubuto. Ka san da kurumtarta na karɓa wa ɗana Habu ita saboda zumunci, ban taɓa yi maka gori ba. To, abin ya wuce kunne. Tun bara, da magariba ta yi sai ta kama laluben bango. Muka ce dundumi ne, muka yi ta gasa mata hanta, a banza. Yanzu ko da rana tangaɗi take kamar maraƙin da aka haifa yau, ta ƙarar mini da tuluna. Ran Laraba ta faɗi a bakin rijiya da 'yarta Lubabatu goye a bayanta, sai da goshin jaririyar ya kumbura.

Habu ya kai ta asibiti Kano. Likita ya ce wai can cikin kunne akwai abin da ke riƙe mutum a tsaye, nata bai taɓa aiki ba, da ido take tsayuwa tun tana ƙarama, ga shi idon yana tafiya. Wai gado ne, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, har da cewa a kawo jaririyar a duba. Na hana. Mu dai ba mu gaji wannan ba, ka bincika dangin uwarta.

Na kwance goyon, na cire yarinyar daga nono, kunu take sha a ɗakina. Jumai kan zo ƙofa tana gurnaninta, ni kuwa ban iya maganar kurame ba. Jiya da rarrafe ta shigo har bakin gado, na sa aka mai da ita. Na gaji, Maharazu. Ka aiko a ɗauke ta kafin azumi, ita kaɗai. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Kada ka damu da jikarka, ba ta ɗauko uwarta ba. Yarinya ce mai haƙuri. A gindin turmi nake shimfiɗe ta, ana daka a kanta, ko motsi ba ta yi. Zama ne dai ta ƙi har yanzu, ƙiba ce.

Ka gaida matarka Saude, ka karanta mata wannan duka. Ka gaida ɗanka Muntari.

Yayarka,
Hajiya Asma'u.