Lambun Bayan Kwalbati

Kontagora, 6 ga Afrilu, 2024

Ƙawata Hafsatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da jikoki. Tun da kunnenki ya daina ɗaukar magana ta waya, ga takarda ta hannun direban Minna, kamar zamanin da muke kwalejin horon malamai.

Shekara guda ke nan da na dawo gida bayan rasuwar maigidana Markus. Na ce gida, amma wallahi ban san ko gida ba ne. Shekara talatin ina koyarwa a Kaduna, waɗanda suka san ni a nan sun mutu ko sun tashi. 'Yar Kaduna ake ce mini. Daga coci sai ɗaki.

Kin tuna filin nan na bayan kwalbati, kusa da gidanmu? Ya zama bola. Wari ya ishe ni, na ɗauki fartanya na share ɗan gefe, na tsince ledoji, na watsa irin alayyahu. Ina cikin yi wata mata ta tsaya a kaina. Sunanta Fure, daga wani ƙauye wajen Mashegu, 'yan bindiga suka kore su. Ta ce, "Mama, ba haka ake riƙe ta ba." Ta karɓe fartanyar, ba ta dawo mini da ita ba sai azahar. Da ta gama ta zauna ta yi kuka. Shekara biyu, in ji ta, hannunta bai taɓa ƙasa ba.

Yanzu mu bakwai ne. Bayana kamar zai ɓalle, amma ina samun barci.

Taki har kullum,
Janet

Minna, 20 ga Afrilu, 2024

Malama Janet,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, saƙonki ya iso, kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Ki ji tausayin jikinki. Shekara sittin da biyu ba lokacin fara noma ba ne. Kuma kada ki sa rai da yawa a kan filin da ba naki ba. Ki zo Minna ki huta, akwai ɗaki.

Allah ya ƙara lafiya.
Hajiya Hafsatu

Kontagora, 14 ga Yuli, 2024

Ƙawata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da mutan gida. Ki yafe mini shirun, ban zauna ba.

Mun kai mu ashirin da uku. Kuɓewa ta yi, yakuwa da rama sun fi ƙarfin tukunyarmu har muna kaiwa kasuwa. Mun kafa ƙungiya, suka ɗora mini sakatariya don ni ce mai biro. Sau shida muna zuwa wajen kansilan mazaɓarmu neman rijiyar burtsatse saboda rani. Mu yini a kan benci, a ce ya fita, ko a ce yana mitin. Ran da muka same shi ya ɗauki hoto da mu, ya ce an gama. Har yau ba a fara ba.

Ba wannan ne ya sa na rubuto ba. Ran Talata wasu mutane suka zo da igiyar awo, suka kakkafa turaku a tsakiyar kuɓewarmu. Wai masu filin sun sayar, shaguna za a gina.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa. Ban taɓa magana gaban maza haka ba, amma na miƙe. Na ce shekara nawa wurin yana bola ba wanda ya tuna da shi, sai da matan da ba su da ko taku ɗaya na ƙasa suka gyara shi. Na roƙa a bar mu ko zuwa kaka. Wani daga baya ya ce, "Ita wannan 'yar ina ce da za ta koya mana zama?"

Kafin in buɗe baki, Aishatu mai ƙosai, wadda ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi ba, ta yaye mayafi ta ce, "Tamu ce. A layin nan aka yanke mata cibi. Kai fa?" Wuri ya ɗauki dariya. Ni kuwa na zauna don kada a ga idona.

Mai unguwa ya ce zai nemo masu filin. Ki sa mu a addu'a.

Janet

Kontagora, 25 ga Agusta, 2024

Hafsatu,

Ina fatan lafiya ce ta sa ba ki amsa ba.

Mai unguwa ya kira ni jiya. Na shiga zaure sai ga yayanki Alhaji Abdulfatahi a zaune. Ashe filin gadon mahaifinku ne. Ya yi mini magana cikin mutunci, ba zan ɓoye ba. Ya ce magada tara ne, kowa ya sa hannu. Ya nuna mini takardar. Na san rubutunki ko a cikin dubu.

Ashe da kika ce kada in sa rai, kin san abin da kike faɗa. Ni ina ba ki labarin alayyahu, ke kina karantawa kina shiru. Ba na cewa ba hakkinku ba ne. Amma da kin gaya mini, da ban tara matan nan a kai ba. Yau da safe Fure ta tambaye ni ko ta shuka tattasai. Na ce ta dakata. Ta dube ni kawai, ta gane. An taɓa tashinta daga gona, ta san yadda abin yake farawa.

Na gaji, Hafsatu.

Janet

Minna, 9 ga Satumba, 2024

Janet,

Bayan gaisuwa. Ba ni da bakin kare kaina. Tun wasiƙarki ta farko na gane filin, kuma a lokacin ana maganar sayarwa. Na zaci kwana biyu za ki yi ki bari. Da na ga abin ya girma sai kunya ta rufe ni, na ɗauki biro ya fi sau biyar ina ajiyewa.

Ba zan iya hana cinikin ba, akwai marayun ƙanenmu a cikin magada. Abin da na iya shi na yi. Na je wurin Yaya na ce a fitar mini da rabona ƙasa, ba na son kuɗi. Mai saye ya yi ta ƙorafi, amma ya yarda a yanke gefen da ke jikin kwalbati. Rabon mace ne cikin mutum tara, kin san ba yawa. Yaya ya ce na kunyata shi gaban baƙo, mako biyu ke nan ba ya amsa gaisuwata.

Ga takarda nan haɗe, da shaidu biyu. Na ba ƙungiyarku aron wurin muddin kuna shuka a kai. Ki kai wa mai unguwa ya ajiye kwafi.

In kin ga dama ki yafe mini.

Hafsatu

Kontagora, 28 ga Satumba, 2024

Hafsatu,

Na gaishe ki. Takarda ta iso.

Katafila ta zo ran Laraba. Mun riga ta, mun cire abin da zai ciru mun dasa a gefenki. Fangalin shuka shida kawai wurin ya ɗauka, mu ashirin da uku. Ba wadda ta ce za ta fita. An raba kwanakin aiki a tsakaninmu.

Ban gama jin haushinki ba, amma na gode, kuma Allah ya daidaita ki da yayanki.

Akwai wani fili a bayan firamare da ba a komai da shi. Ran Litinin za a koma wajen kansila a roƙa. Na ce musu ƙafata ta kumbura, su je ba ni. Aishatu ta ce to wa zai yi magana? Ƙarfe takwas za su zo da keke napep su ɗauke ni.

Na goge zanen da zan ɗaura.

Taki,
Janet