Kwalbar Radosh

Zuwa ga Yaya Dragisha,

Gaisuwa mai yawa daga Nish, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Na gama lissafin rabon gonar Baba. Ma'aikatan filaye sun ce dole iyakar ta jera da titi. A taswira titin shi ne y = 2x + 1. Namu layin zai ɗauki karkata iri ɗaya, ya bi ta rijiya, ya zama y = 2x + 5. Sama naka, ƙasa nawa. Masu kafa farantan sola za su sayi nawa, ni kuma in koma Jamus wurin 'yata.

Ƙanwarka, Milunka

Milunka,

Ƙafa tana nan yadda kika bar ta. Na kai takardarki gona, na ja igiya. Lissafinki daidai ne, Malama, ba a banza kika tsufa da alli a hannu ba.

Amma tuffar ƙaninmu Radosh ta faɗa ɓangarenki da taku biyu. Kin san ranar da aka haifi kowannenmu Baba ya dasa bishiya, ya binne kwalbar giyar gida, wato rakiya, a gindinta, sai ranar aure a tono. An sha tawa, an sha taki. Ta autanmu tana ƙasa, tunda yaƙi bai bar shi ya yi aure ba. Mutanen nan kuwa share komai za su yi.

Ki ɗan lanƙwasa layin mana.

Yayanki

Yaya,

Wallahi na manta da bishiyar, kuma na yi kuka da na karanta. Sai dai layin ba ya lanƙwasuwa. In na taɓa biyun, ya daina jerawa da titi. In na taɓa biyar ɗin, gaba ɗayansa zai matsa, tun daga rafi har gindin dutse, ga shi na riga na sa hannu. Na roƙi masu solar, sun ce injinsu ba ya kewaye bishiya.

Ka yafe mini. Ka gaida matarka, Anti Zorka.

Milunka

Milunka,

Sun sare ta ranar Alhamis. Na riga su tono kwalbar, ko tsagewa ba ta yi ba. Na je maƙabarta ni kaɗai, na zuba wa Radosh rabi. Sauran na ba direban bas ya kawo miki. Da ido na raba, kada ki auna.

Allah ya kai ki lafiya.

Dragisha